Manhajojin Sa Ido Kan Batirin Laftof

Manhajojin sa ido kan batir su ne waɗanda ke nuna wa mai laftof yawan cajin da ya rage masa da kuma lafiyar batirin kansa. Wasunsu har suna rage wutar da na'urar ke sha domin caji ya daɗe. Akwai waɗanda ke zuwa tare da Windows ko macOS ko Linux, akwai na kamfanonin da ke ƙera laftof, akwai kuma na masu zaman kansu, irin su BatteryInfoView da coconutBattery.

Inda lissafin yake fitowa

Manhaja ba ta auna batir da kanta, labari ake ba ta. A jikin batirin akwai wata 'yar ƙaramar na'ura da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, tana kuma lura da zafinsa. Kamfanonin Intel da Duracell ne suka tsara yadda irin wannan batir zai riƙa magana da kwamfuta, a tsakiyar shekarun 1990. A 1996 kuma Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin ACPI, wanda ya ɗora ragamar sarrafa wuta a hannun babbar manhajar kwamfuta, ya maye gurbin tsarin APM na 1992.

Saboda haka kason da ake gani a gefen fuskar kwamfuta kiyasi ne. Lokacin da ake cewa ya rage ya fi shi rauni ma, domin rabawa ce kawai ake yi. Batir mai wat-awa 50 (ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka), idan na'ura tana shan wat 10, zai kai awa 5. Da zarar an buɗe aiki mai nauyi ta koma shan wat 25, awa 5 ɗin nan ta zama 2. Wannan hawa da saukar ya sa Apple ya cire lissafin lokacin daga alamar batir ta macOS a Disamba 2016. Idan ƙirgar ta karkace, har laftof ya riƙa mutuwa alhali yana nuna saura kashi 20, akan cika batirin, a bar shi ya sauka ƙasa sosai, a sake cika shi. Wannan ma'aunin yake gyarawa, ba ya ƙara wa batirin komai.

Duba lafiyar batir

A nan ne amfanin waɗannan manhajoji ya fi fitowa. Tun daga Windows 8, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoto mai lambobi biyu da suka fi komai muhimmanci: abin da batirin ke iya ɗauka ranar da ya bar masana'anta, da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na farko wat-awa 50 ne, na biyu 30, to batirin ya yi asarar kashi 40 na ƙarfinsa, ko da alama tana nuna ya cika fal. Rahoton yakan nuna adadin zagayen caji idan batirin yana ba da shi. Zagaye ɗaya shi ne shan kashi 100 gaba ɗaya, ko da rabi yau ne rabi gobe. Apple ya ce an gina batirin yawancin MacBook na zamani ne ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa har zuwa zagaye 1000. Mai sayen laftof na hannu bai kamata ya biya kuɗi ba sai ya ga waɗannan lambobi da idonsa. Aikin minti biyu ne, kuma ya fi rantsuwar mai sayarwa.

Sa caji ya daɗe

Babu manhajar da ke ƙara wuta a batir. Abin da za ta iya shi ne rage masu sha. Hasken fuskar kwamfuta na cikin manyan masu cinye caji, sai ƙwaƙwalwar na'ura idan tana gudu, sai manhajojin da ke aiki a ɓoye. Yanayin tattalin batir na Windows 10 yana kunna kansa idan caji ya sauka zuwa kashi 20, ya rage haske, ya tsayar da ayyukan bayan fage. Apple ya kawo irinsa a macOS Monterey a 2021. A Linux akwai PowerTOP da Intel ya fitar a 2007, mai nuna abin da ke hana na'ura hutawa, da kuma TLP, mai rage wutar da na'ura ke sha. Manhajar da ke alƙawarin ninka caji ko farfaɗo da mataccen batir abin gudu ce, ita ma wuta take sha.

Iyakance caji

Batirin litiyam, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, yana saurin tsufa idan ya daɗe cike, musamman cikin zafi. Tsohuwar shawarar nan ta a bar batir ya mutu kafin a sa shi caji ta batiran nikel ce, ba ta wannan ba. Shi ya sa Lenovo Vantage da MyASUS da Dell Power Manager ke ba da damar tsayar da caji kafin ya cika. MyASUS, alal misali, yana ba da zaɓin kashi 60 ko 80 ko 100 a wasu laftof. Masu MacBook kan yi amfani da AlDente.

An yi wannan dabara ne domin wanda laftof ɗinsa ke jone da wuta yini guda. Ga ɗalibi ko ma'aikaci a Kano ko Maraɗi, wanda bai san lokacin da za a ɗauke wuta ba, tsayar da caji a kashi 60 a bar kashi 40 a banza ba ƙaramar asara ba ce. Kashi 80 ya fi dacewa ga mai sola ko inbata, sai a cika shi ranar tafiya. Wanda ba shi da su gara ya cika batirinsa, ya mai da hankali kan zafi: kada a ɗora laftof kan katifa ko filo a toshe masa mashigar iska, kada a bar shi cikin mota a rana, musamman a bazara. Batirin da ya kumbura har ya fara ɗaga madannai kuwa, a daina sa shi caji nan take, a kai wa mai gyara ya cire shi, domin yana iya kamawa da wuta.