Maganin daji da zafi: ba shi ne gashi ba, ba kuma sakiya ba ce

Duk wanda ya taɓa jinyar mai cutar daji ya san kalmar gashi. "An tura mu gashi," haka 'yan jinya ke cewa, suna nufin na'urar nan da ke harba haske mai ƙarfi cikin ƙari. To amma wannan hasken ba zafi yake bayarwa ba, mara lafiya na kwance ko ɗumi ba ya ji. Maganin da ake yi da zafi na gaske wani abu ne daban, likitoci na ce masa haifatamiya.

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyos. A wannan magani ana ɗaga zafin wurin da ƙarin yake zuwa tsakanin 40 da 45, a riƙe shi nan kamar awa guda. Ana yi da igiyoyin rediyo, ko na maikirowef, ko sautin da kunne ba ya ji, sau da yawa da siraran ma'aunai a jikin wurin don kada a wuce gona da iri.

Me ya sa zafi kaɗan haka zai yi tasiri? Jijiyoyin jinin da ƙari ke yi wa kansa a hargitse suke, ba sa iya kwashe zafi yadda lafiyayyen nama ke yi, sai zafin ya taru a cikinsa. Zafin kuma yana ƙaro jini da iskar oksijin, wadda hasken gashi ke buƙata kafin ya yi aiki sosai, sannan yana hana ƙwayoyin dajin gyara ɓarnar da hasken ya yi musu. Shi ya sa da wuya a yi shi shi kaɗai. Ɗan rakiya ne ga gashi ko allurar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji.

Tunanin ya daɗe. Tun 1891 wani likitan tiyata a New York, William Coley, ya riƙa yi wa masu daji allurar ƙwayoyin cuta, zazzaɓi mai zafi ya rufe su, wasu ƙarinsu ya ragu. Hujja mai ƙarfi dai sai daga baya ta zo. A wani gwaji na ƙasar Holan da aka wallafa a 2000, matan da ke da sankarar bakin mahaifa da aka haɗa wa gashi da zafi, kashi 51 cikin ɗari na raye bayan shekara uku, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuwa kashi 27. Akwai kuma wanda ake kira HIPEC: bayan an cire ƙari daga ciki, sai a zagaya da ruwan kemo mai ɗumi cikin cikin kafin a kammala aikin.

Wani reshen kuma ƙonawa ce kai tsaye, da zafin da ya haura digiri 60. Wannan ne ya fi kusa da mu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata 'yar na'urar hannu da ake ɗora kanta, mai zafin digiri 100, a bakin mahaifa na daƙiƙa 20 zuwa 30, ta kashe ƙwayoyin da suka fara lalacewa tun ba su zama sankara ba. Wasu na'urorin da batir suke aiki, ma'aikaciyar jinya da aka horar na iya yi.

Abin da nake tsoro shi ne wani ya ji an ce zafi na kashe daji, ya nufi wanzami a yi wa kumburin nono sakiya, ko a riƙa dannawa da tsumma da tafasasshen ruwa. Zafin ƙarfe a fata yake tsayawa. Ya bar gyambo, ƙarin na can ciki yana yaɗuwa, watanni na tafiya. Ko a asibiti, da ma'auni da komai, wasu kan fito da ƙuna ko bororo a wurin.