Kiromiyam da Ferokirom

Kiromiyam shi ne sinadarin da ke hana ƙarfe yin tsatsa. Idan ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na nauyin ƙarfe, yakan haɗu da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata a samansa wadda ido ba ya gani, kuma ko an karce ta sai ta sake rufewa da kanta. Masanin sinadarai Louis Nicolas Vauquelin na Faransa ne ya gano sinadarin a 1797, a 1913 kuma Harry Brearley ya narka ƙarfe mara tsatsa a birnin Shafil na Ingila. Har yau ba a sami abin da zai maye gurbin kiromiyam a wannan aiki ba.

Ana samunsa ne daga baƙin dutse mai nauyi da ake kira kiromait, wanda ya ƙunshi kiromiyam da baƙin ƙarfe da oksijin. Mafi yawan wannan dutse yana kwance a Afirka ta Kudu, cikin duwatsun Bushveld, inda ake haƙo shi kai tsaye, ake kuma tace shi daga ragowar dutsen da aka cire filatinam a cikinsa. Sauran manyan wuraren haƙa su ne Khromtau a Kazakistan, kwarin Sukinda a jihar Odisha ta Indiya, Turkiyya da Zimbabuwe. A Tarayyar Turai mahaƙa ɗaya ce tak, ta Kemi a Finlan, mallakar kamfanin Outokumpu.

Ba a zuba ɗanyen dutsen cikin ƙarfe, sai an mai da shi ferokirom, wato haɗin kiromiyam da baƙin ƙarfe wanda kiromiyam ɗinsa ke tsakanin kashi 50 zuwa 70. Ana loda kiromait cikin tanderun lantarki tare da gasasshen kwal da farin dutse mai taimaka wa narkewa, a nutsar da sandunan lantarki cikin lodin har zafi ya haura digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas. Kabon da ke cikin kwal ɗin sai ya fizge oksijin, narkakken ferokirom ya taru a ƙasa, kashin maƙera ya taso sama. Mafi yawan ferokirom ɗin duniya masana'antun ƙarfe mara tsatsa ne ke shanye shi.

A wannan tanderu maganar ɗorewa take, wato yin aikin ba tare da ɓata muhalli ba. Kowane tan na ferokirom yana cin wutar lantarki wajen kilowat-awa 3,000 zuwa 4,000, saboda haka asalin wutar yana da babban tasiri a kan yawan hayaƙin da ake fitarwa. Afirka ta Kudu, wadda mafi yawan wutarta daga kwal take, ta daɗe tana kan gaba wajen narkawa, amma tsadar wuta da yawan yankewarta sun sa an rufe tanderu da dama. Tun 2012 Sin ta sha gabanta, alhali da dutsen da take sayowa, galibi daga Afirka ta Kudun, take aiki. Abin takaici ne ƙasa mai dutsen ta koma tura shi ɗanye ƙetaren teku, ayyukan yi su bi shi.

Akwai dabarun rage ɓarna, kuma an gwada su sun yi aiki. Ana dunƙule garin kiromait ƙanana-ƙanana a gasa shi kafin ya shiga tanderu, a ɗumama lodin tun da wuri, a kuma rufe tanderun ruf domin a kama iskar kabon monoksaid da ke fita a yi makamashi da ita maimakon ta ƙone a banza. A garin Tornio na Finlan, masana'antar ferokirom da ta ƙarfe suna maƙwabtaka, ana kai ferokirom yana narke, ba sai ya daskare an sake narka shi ba. Kashin maƙeran kuma, wanda nauyinsa kan zarce na ferokirom ɗin kansa, ana shimfiɗa hanya da shi. Sake narka tsofaffin ƙarafa marasa tsatsa ma yana rage buƙatar sabon dutse, domin kiromiyam ɗinsu ba ya lalacewa, sai dai tsofaffin ba sa isar buƙatar duniya, ganin kayan da aka ƙera sukan yi shekaru gommai ana amfani da su.

Haɗarin da ya fi shafar lafiya shi ne nau'in kiromiyam mai caji shida. Wanda ke cikin dutse mai caji uku ne, ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, amma zafi tare da oksijin kan juya wani ɓangarensa zuwa mai shida, musamman a ƙurar tanderun da ba a rufe ba. Wannan yana narkewa a ruwa, kuma shaƙarsa tana jawo sankarar huhu. A 2007 cibiyar Blacksmith, mai bin diddigin gurɓatar muhalli, ta sa Sukinda cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya saboda shi. Ana iya mai da shi nau'in uku ta hanyar zuba sinadarin salfet na baƙin ƙarfe a cikin ƙurar da kuma ruwan mahaƙa kafin a zubar da su, kuma bai kamata a bar wata mahaƙa ko masana'anta ta yi aiki kusa da ruwan shan jama'a ba tare da wannan mataki ba.