Kafin ka ba ɗan rabanu kuɗi a shago, ga abin da doka ta ce ƙaramar hukuma za ta karɓa da abin da za ta yi maka

Ran nan ina zaune a shagon yayana, ɗan kantin kayan masarufi ne a bakin titi, sai ga wasu samari uku sanye da irin rigar nan mai ƙyalli, ɗaya riƙe da bandir ɗin rasit, ya ce "Alhaji ina wuni, kuɗin allo muka zo karɓa", wato kuɗin allon talla. Yaya ya ce ai wata biyu da suka wuce ya biya, ya jawo durowa ya fito da takarda, yaron ya duba ya ce wannan ba tasu ba ce ta wasu ce daban. Kafin a gama magana na ukun har ya kama hannun ɗan janareton da ke ƙofa wai za su tafi da shi ofis. Haka yaya ya ƙirgo kuɗi ya bayar don dai a rabu lafiya, ni kuma na karɓi rasit ɗin na duba, ba hatimi, ba sunan wanda ya karɓa, lambar jikinsa ma da biro aka rubuta ta. Abin ya tsaya min a rai sosai wallahi, domin mutumin nan ba ƙin biyan haraji yake ba, bai dai san wa ke da hakkin karɓa ba kuma ba wanda ya taɓa zama ya yi masa bayani.

To bari mu fara daga tushe. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 sashe na 7 shi ya tabbatar da ƙananan hukumomi, ya ce dole shugabanninsu su zama zaɓaɓɓu, sannan can baya a jadawali na huɗu aka jero ayyukansu. Mu 'yan kasuwa wannan jadawalin shi ne namu. A ciki aka ba ƙaramar hukuma ikon kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da sa ido kan shaguna da kiyos-kiyos, gidajen abinci, gidajen burodi, wuraren wanki da guga, da allunan talla na waje. Ita ke ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwale-kwale, wato duk abin turawa da ba inji a jikinsa, ita kuma ke ƙiyasta gine-gine don harajin gida bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Saboda haka idan mai baro a kasuwa ya ce an yanka masa tikiti, ko mai gidan burodi ya ce sun zo duba wuri, asalin abin yana da gindi a doka, ba za ka ce da su ba ruwansu ba.

Amma ga inda mutane ba sa karantawa, kuma nan ne ni abin ya fi damuna. Wannan jadawali ɗin dai, shafi ɗaya, shi ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da gyara su, da fitilun kan titi, da magudanan ruwa, da banɗakunan jama'a, da kwashe shara. Takarda ɗaya ce ta ba su hannun karɓa ta kuma ɗora musu aikin yi. Yanzu don Allah ka leƙa bayan layinku a kasuwa ka gani, kwata ta toshe da leda tun bara, bola ta kusa cinye hanya, dare ya yi kowa da tocilan ɗinsa, mai gadi 'yan layi ne ke haɗa masa kuɗi, mai kwashe shara ma ku ne, idan damina ta zo ku ne kuke karo-karo a yashe kwata. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda ya san magudanar ruwa ba ƙaramar magana ba ce ga ɗan kasuwa, jarin shekaru ne ke tafiya a yini ɗaya.

Sai maganar wa ke karɓar me. A 1998 lokacin soja an yi doka mai lamba 21 wadda ta raba haraji gida uku, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, dalilin yin ta ma kukan da 'yan kasuwa da masu masana'antu suka daɗe suna yi ne kan haraji barkatai. A kason ƙaramar hukuma aka sa kuɗin shago da kiyos, harajin gini, kuɗin mayanka, kuɗin tasha, kuɗin allon talla, kuɗin shara da banɗaki, jangali amma a kan masu kiwon shanu kawai, har da kuɗin toshe hanya don biki. Rajistar wurin kasuwanci kuwa ta jiha ce, a lokacin ma an ƙayyade cewa a birni kada ta wuce naira 10,000 karon farko sai 5,000 sabuntawa duk shekara. Akwai wani ɗan layi a ciki da ya shafi manyan kasuwanni irin na Kano: kuɗin kasuwa na ƙaramar hukuma ne, sai fa kasuwar da gwamnatin jiha ta zuba kuɗinta a ciki, wannan jiha ke karɓa. A nan rigima da yawa take samo asali, kasuwa tana zaune cikin ƙasar ƙaramar hukuma, jiha ta ce ai ni na gina, ɗan kasuwa kuma yana tsakiya kowa na miƙo masa rasit.

Dokar ta 1998 ta faɗi abu biyu ƙarara da ya kamata kowane direba da ɗan kasuwa ya haddace. Ba wanda zai ƙiyasta ko ya karɓi haraji a madadin gwamnati sai hukumar harajin da abin ya rataya a wuyanta, sannan ba wanda zai tare hanya don karɓar haraji ko da hukumar ce da kanta, wanda ya yi tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3 ko a haɗa masa duka. Ku tuna da wannan duk sanda kuka ga an gitta katako mai ƙusoshi an tsare motar tumatir ko ta shanu da ta nufi kudu, ana karɓa gari bayan gari, kuɗin nan kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Gaskiya ne lauyoyi sun sha kai wannan doka kotu, kuma a watan Yunin 2025 shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji da suka fara aiki a Janairun 2026, amma jadawali na huɗu yana cikin kundin tsarin mulki, doka ta gama-gari ba ta goge shi.

Birnin Kano nasa ya fi cakuɗewa, don abin da muke kira gari ɗaya ƙananan hukumomi takwas ne a cikin 44 na jihar, Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Mai kura ko mai baro zai iya tsallaka uku a yini bai sani ba. Ga kuma hukumomin jiha da ke aiki a fili ɗaya, REMASAB tana shara, KAROTA tana titi, KIRS tana haraji, shi ya sa in ka ce wa talaka wannan na jiha ne wancan na ƙaramar hukuma ne sai ya ce maka duk gwamnati ce, kuma ban ga laifinsa ba.

Shekara da shekaru in ka tambayi ciyaman ina aiki sai ya ce kuɗi na asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, gwamna ke riƙe. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatarwa dai ta yi ta jan ƙafa, amma ko ba komai hukuncin ya nuna ƙofar da za a buga, ciyaman da kansilan mazaɓarka su ne masu amsa tambaya kan kwatar layinku.

Ni abin da na ce wa yaya shi ne, duk wanda ya zo a tambaye shi cikin mutunci daga wace hukuma yake, ya nuna katin aiki, ya nuna takardar neman biya mai ɗauke da sunan harajin da shekarar, in akwai asusun banki na hukumar a biya ta can a ajiye shaida, kada a tura kuɗi asusun mutum. Rasit kuma a haɗa su wuri ɗaya a ɗauki hotonsu a waya, kada a bar su ƙarƙashin sikeli mai ya ɓata su. Mutum ɗaya in ya tsaya gardama shagonsa za a rufe, na san wannan, shi ya sa aikin na ƙungiyar 'yan kasuwa ne, shugabannin layi su je sakatariya su nemi a ba su jerin kuɗaɗen da majalisar kansiloli ta amince da su a rubuce, a buga a manna a ƙofar kasuwa kowa ya gani. Yaya ya kai maganar taron layinsu na ƙarshen wata, sun zaɓi mutum huɗu da za su je, kuma sun ce takardar da za su kai za ta haɗa da maganar kwatar nan da ta toshe a bayan masallaci.