Sa idon likitocin dabbobi kan maganin ƙwayoyin cuta a kiwon zuma

Wannan tsari ne da wasu ƙasashe suka kafa, wanda ya hana mai kiwon zuma bai wa amyarsa maganin kashe bakteriya sai da izinin likitan dabbobi. Doka na lissafa ƙudan zuma cikin dabbobin da ke samar da abinci, tunda abin da aka zuba a amya yana iya ɓullowa cikin zuman da mutum zai sha.

Cututtuka biyu ne suka fi sa a nemi maganin, kuma dukkansu tsutsar zuma suke kamawa. Akwai ruɓar tsutsa ta Turai, wadda bakteriyar Melissococcus plutonius ke haddasawa, da ruɓar tsutsa ta Amurka, wadda Paenibacillus larvae ke kawowa. Ta biyun ta fi muni. Tsutsar kan narke cikin saƙa ta yi wari, in aka tsoma tsinke aka jawo sai ta yi yauƙi kamar zare. Ƙwayar tana barin iri mai tauri da ke rayuwa shekaru gommai a jikin katako da kaki, kuma magani ba ya kashe shi. Alamomin kawai ke lafawa. Mai amya ya zaci ta warke, ya ɗauki saƙarta ya sa a wata, cutar ta bi shi. A nan ne idon ƙwararre ya fi amfani, domin cututtukan biyu suna kama da juna a farkon kamu.

Tun shekarun 1950 ake amfani da maganin bakteriya oksitetrasaikilin a Amurka, a gauraya shi da garin sukari a barbaɗa a amya, sau da yawa don rigakafi kurum. Zuwa shekarun 1990 an fara samun ƙwayoyin da ba sa jin sa. Daga baya aka amince da tailosin da linkomaisin. Daga 1 ga Janairu 2017, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ce ba a sayen ko ɗaya cikin ukun sai da takardar likita, wanda dole ya san mai kiwon da halin amyoyinsa. Kanada ta bi sahu a Disambar 2018. Sauyin ya zo da tasa wahalar, don likitoci da yawa ba su karanci cututtukan zuma a makaranta ba.

Tarayyar Turai ba ta ƙayyade adadin ragowar irin waɗannan magunguna da za a lamunta a zuma ba, wato ba a yarda a same su a ciki ba, kuma a 2002 ta dakatar da shigo da zuman Sin bayan an gano maganin bakteriya kuloramfenikol a ciki. Niyu Zilan ta haramta magance ruɓar Amurka da magani gaba ɗaya: amyar da ta kamu ƙone ta ake yi cikin kwana bakwai da ganowa.