Kuɗin Kula da Motocin Alfarma a Kaduna: Sabis ɗin Dila da Gyaran Gida

Kula da motar alfarma shi ne ayyukan da ake yi wa mota mai tsada lokaci-lokaci tun kafin ta lalace, irin su juyen baƙin mai, sauya filta da fulogi, duba birki, man giya da ruwan lagireto. A Kaduna, motocin da ake kira da wannan suna galibi Mercedes-Benz ne da BMW, Lexus, Range Rover da manyan Land Cruiser. Mai irin wannan mota yana iya kai ta wurin dilan da kamfani ya amince da shi, ko ya yi aikin da hannunsa a gida, ko ya miƙa wa bakaniken da ya saba da shi. A Amurka da Turai ladan aiki ne ke sa mutum ya ɗauki sifana da kansa, domin a manyan biranen Amurka awa ɗaya a garejin dilan motar alfarma kan haura dala 150. A Kaduna lissafin ya sha bamban: ladan hannu yana da sauƙi, kayan gyara ne ke cin kuɗi.

Asali

Kaduna ta daɗe da sanin mota. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kuma 504 da ta fito daga can ta horar da kanikawa masu yawa. Mota ce mai kafireto, wadda gwani ke gane ciwonta da kunne. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, sai kasuwa ta koma ga tokumbo. Har yau mafi yawan motocin alfarma da ke yawo a titin Ahmadu Bello Way sun yi shekaru a hannun wani a ƙasar waje kafin su iso, kuma garantinsu ya riga ya ƙare. Wannan ya rage wa dila babbar hujjarsa, tunda tsoron rasa garanti ne ke ɗaure mai sabuwar mota da garejin kamfani.

Abin da ake biya a wurin dila

Weststar Associates ne babban wakilin Mercedes-Benz a Najeriya, Coscharis Motors kuma ke riƙe da BMW da Jaguar Land Rover. Manyan garejojin irin waɗannan wakilai sun fi yawa a Legas da Abuja, don haka mutumin Kaduna yakan fara kashe kuɗi tun kafin a buɗe bonet: tafiyar kusan kilomita 190 zuwa Abuja, fetur zuwa da dawowa, wanda farashinsa ya ninka bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, da kwana idan sai an yi odar wani abu.

Takardar kuɗin dila tana ɗauke da ladan aiki da ake lissafawa bisa lokacin da kamfani ya ƙayyade wa kowane aiki, da kuɗin kaya masu tambarin kamfanin, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Mercedes ta raba sabis ɗinta gida biyu, ƙarami mai suna A da babba mai suna B, ana yin su bi da bi. BMW kuwa motar ce da kanta ke lissafa lokacin kowane aiki ta nuna a allon gaban direba. Abin da kuɗin ke saye ba ƙarami ba ne: kwamfutar bincike ta kamfani, wato Xentry a Mercedes da ISTA a BMW, sabunta manhajar mota, kayan da babu shakka a kansu, da wanda za a kama idan aiki ya ɓaci. Ma'aikatun gwamnati da bankuna, waɗanda ke sayen sababbi dal kuma suna buƙatar rasit, su ne suka fi riƙe wannan hanya.

Dala da kayan gyara

Kusan duk abin da ke jikin waɗannan motoci daga waje ake shigo da shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A cikin 2024 ta haura 1,500. Ke nan abin dala 100 da a da yake kusan naira 46,000 a wancan farashi ya koma wajen 150,000, ko a hannun dila ko a shago. Babu dabarar da ta tsere wa wannan.

Inda ake samun rangwame shi ne sanin wanda ya ƙera abin. Kamfanonin mota ba su ke yin filta da fulogi da kansu ba. Mann, Mahle da Hengst ke yin filta, Bosch da NGK fulogi, ATE da Textar kayan birki, Lemförder kayan ƙafa. Sau da yawa abu ɗaya ne, kwali kawai ya bambanta, kuma na cikin kwalin maƙerin ya fi araha. Matsalar ita ce jabu ma a irin wannan kwalin yake zuwa. A Panteka da sauran wuraren sayar da kayan mota ana samun na asali, da na tokumbo da aka ciro daga wata mota, da kwaikwayo, wani lokaci a kan kanta ɗaya, kuma ido kaɗai ba ya rabe su.

Gyaran gida da iyakarsa

Akwai ayyukan da mai mota mai natsuwa zai iya yi a ƙofar gidansa: filtar iska, filtar na'urar sanyaya ciki, roban goge gilashi, da juyen baƙin mai. A yawancin Mercedes filtar mai tana saman inji a cikin murfin roba. Ana kwance murfin, a zare tsohuwar takardar filta, a sauya zoben roba, a shafa masa ɗan mai, sannan a ɗaure da ma'auni. A jikin murfin da yawa an rubuta 25 Nm, wato ma'aunin ƙarfin da za a ɗaure shi da shi. Wanda ya ɗaure shi da ƙarfin tuwo zai tsaga shi, mai ya yi ta ɗiga a kan inji. Injin silinda shida yakan sha lita shida da rabi zuwa takwas, kusan ninkin ƙaramar mota, kuma ba kowane mai ba: sai wanda ke ɗauke da lambar amincewar kamfani, kamar MB 229.5 ko BMW Longlife-01. Kuɗin man shi ne kaso mafi tsoka na aikin, don haka abin da mutum ya tsira da shi ta hanyar yi da kansa ladan bakanike ne kawai, wanda a Kaduna bai taka kara ya karya ba.

Daga nan sai kwamfuta ta tare hanya. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin bincike na OBD-II, kuma ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya tana karanta matsalolin inji. Amma ba ta shiga ko'ina. BMW da yawa, idan aka sauya musu batir, sai an sanar da kwamfutar motar, in ba haka ba za ta ci gaba da cajin sabon kamar tsoho har ta gajarta masa kwana. Wasunsu ma ba su da sandar auna mai, sai a allo. Birkin hannu na lantarki a motoci da yawa sai an sake shi da na'ura kafin a taɓa birkin baya. Giyar Mercedes mai suna 7G-Tronic ana auna man da ke cikinta ne a wani zafi na musamman, daga ƙarƙashin mota. Ƙafar iska, wato jakunkunan iska da ke ɗauke da nauyin mota a madadin sifirin, irin ta Range Rover da Airmatic na Mercedes kuwa, kuskure ɗaya a kansu ya isa ya cinye duk abin da aka tara na shekara. Ga kuma haɗarin rai: jak ɗin da ke zuwa da mota na sauya taya ne, ba na shiga ƙarƙashin mota mai nauyin tan biyu ba.

Hanyar da aka fi bi

Abin da ya fi yawa a Kaduna shi ne tsaka-tsaki. Mai mota ya sayo mai da filta da kansa daga inda ya yarda da shi, ya kai gareji, ya ja benci ya zauna. A gabansa ake fasa hatimin galan, a gabansa ake zubawa, kuma masu lura sukan tafi da galan ɗin da ya ƙare ko su huda shi don kada a sake cika shi da wani mai a sayar. Bakanike zai ce, “Alhaji, ai da ka bari mun sayo maka,” amma ya san dalili. Kanikawan ma sun rarrabu: akwai na Mercedes zalla, akwai mai wayarin, akwai mai kwamfutar bincike da ake kira ya zo ya duba a biya shi daban. A ra'ayin masu wannan hanya, sanin da mai mota ya fi buƙata shi ne na lambar kaya da irin mai, ba na riƙe sifana ba, kuma da wuya a musa musu.

Yanayin gari yana ƙara nasa. Tazarar kilomita 15,000 ko shekara guda da kamfanonin Jamus ke bayarwa an tsara ta ne bisa tituna da man wasu ƙasashe. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska da wuri, zafin Maris da Afrilu yana busar da robobi da tiyon ruwa, ramukan damina suna cin kayan ƙafa. Shi ya sa kanikawa da yawa ke ba da shawarar juye a wajen kilomita 5,000, abin da ke ninka kuɗin mai a shekara ko wace hanya aka bi.

Lexus ta fita daban a wannan lissafi. ES 350 da RX 350 na shekaru da dama suna amfani da injin 2GR-FE, wanda ke cikin Camry mai silinda shida da Highlander, don haka bakaniken Toyota na unguwa yana iya taɓa su, kayansu kuma suna ko'ina. Wannan na cikin dalilan da suka sa take riƙe farashinta a hannun dillalan mota fiye da takwarorinta na Jamus masu shekaru ɗaya.