Amsa Kiran Allah da Almajiranci a Addinin Kirista

Amsa kiran Allah, a koyarwar Kirista, ita ce yardar da mutum yake yi ya bi Yesu Almasihu a matsayin almajiri, ya kuma ba da ƙarfinsa da dukiyarsa ga hidimar Allah da ta jama'a. Kiran iri biyu ne. Na farko ya hau kan kowane mai bi, baftisma ce alamarsa, na biyu kuwa na musamman ne, shi ne yake kai mutum ga zama fasto, ko mai bishara, ko limamin Katolika da ake ce wa fada.

Tushen koyarwar yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Matiyu sura 4, Yesu ya tarar da Bitrus da ɗan'uwansa Andarawus suna jefa taru a Tekun Galili, ya ce su bi shi zai mai da su masuntan mutane, nan take suka bar sana'arsu. Bai ɓoye musu nauyin abin ba, domin a Markus 8:34 ya sharɗanta wa mai binsa ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa. Hidima kuma da aiki ya koyar da ita: a Yahaya sura 13 ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ne yake yin sa a wancan zamani. Har yau 'yan Katolika suna maimaita wannan a ranar Alhamis da ke gabanin Ista.

A ƙasar Sakkwato, tarihi ne ya sa hidima ta riga wa'azi shigowa. Bayan Turawan Ingila sun ci birnin a 1903, sun yi alkawarin ba za su taɓa addinin Musulunci ba, saboda haka suka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu na shekaru da dama. Ƙungiyar 'yan mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda mutanenta uku na farko suka sauka Legas a 1893, biyu daga cikinsu suka rasu a shekarar da ta biyo, sai a shekarun 1930 ta sami ƙofa, kuma cutar kuturta ce ta buɗe mata ita, lokacin da aka danƙa mata kula da kutare a Amanawa, kudu da birnin. Aikin ba na ado ba ne. Ma'aikata sukan wayi gari suna wanke gyambo, suna ɗaure yatsun da suka fara guntulewa, suna yi wa majinyata allurar wani mai mai tsananin zafi, wanda shi ne maganin da ake da shi kafin ƙwayoyin zamani su fito. A irin waɗannan wurare wasu majinyata suka koyi karatun boko, suka iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932. Ana iya gardama a kan ko tausayi ne ya kawo 'yan mishan ko neman mabiya. Su dai ba su ɗauki biyun a matsayin abubuwa dabam ba.

Cocin Katolika ya kafu daga baya, a hannun limaman ƙungiyar Dominika da suka zo daga Amurka. An yanka wa Sakkwato yankinta a 1953, ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da bishop yake shugabanta, a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ne yake jagorantarta tun 2011.

Ikilisiya ba ta karɓar da'awar kira da baki kawai. A ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga SIM a 1954, wanda ya ce Allah ya kira shi sai dattawa sun duba halinsa da zamansa da iyalinsa kafin a tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki, yayin da ɗan Katolika yake shafe shekaru yana karatun falsafa da tauhidi kafin a keɓe shi. Sai dai mafi yawan hidimar yau da kullum ba masu muƙami ne suke ɗaukarta ba. 'Yan Zumuntar Mata, da ake gane su da zane da ɗankwali iri ɗaya, su ne suke zagayen gaida marasa lafiya, su dafa abinci a gidan makoki, su haɗa gudummawa domin gwauraye da marayu. Malaman makarantar Lahadi da mawaƙa ma galibi ba a biyan su ko kwabo.

Rashin tsaro ya ƙara wa masu amsa kira na musamman nauyi. A Janairun 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Kaduna, suka saki uku, suka kashe Michael Nnadi, ɗan shekara 18, wanda yake karatu a ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato. Bishop Kukah ne ya yi wa'azi a jana'izarsa a Kaduna cikin watan Fabrairu na shekarar.