Timerl Dezil

Timerl dezil, wanda masana ke kira Acrocephalus sechellensis, ƙaramin tsuntsu ne mai zaƙin murya da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tsibiran Seshel da ke Tekun Indiya. Sunan timerl dezil ya fito ne daga harshen Kiriyol na mutanen tsibiran. Tsawonsa kimanin santimita 14 ne, nauyinsa wajen giram 16. Bayansa ruwan ƙasa ne da ɗan kore-kore, cikinsa ya fi haske. A ido dai ba wani abin kallo ba ne. Masanin dabbobi ɗan Faransa, Émile Oustalet, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1877. An daɗe ana sa shi cikin rukunin Bebrornis kafin a mayar da shi Acrocephalus.

Tarihi

Noman kwakwa ne ya kusa ƙarar da shi. Da aka sare dazuzzukan asali aka dasa kwakwa, sai tsuntsun ya rasa wurin zama, har ya rage a tsibiri guda, Cousin, wanda faɗinsa kimanin hekta 30 ne, kusa da tsibirin Praslin. A can ma ya maƙale ne a wani ɗan kurmin bishiyoyin bakin teku. Ƙidayar da aka yi a shekarun 1960 ta nuna waɗanda suka rage ba su kai 30 ba. Adadin da aka fi ambata shi ne 26.

A 1968 ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, wadda yanzu ake kira BirdLife International, ta sayi tsibirin ɗungurungum. Aka daina kula da kwakwar, aka bar bishiyoyin asali irin su Pisonia suka sake tofowa. Zuwa farkon shekarun 1980 tsuntsayen sun kai kimanin 300, tsibirin ya cika maƙil. Da yake ba kasafai suke ƙetare teku da kansu ba, sai aka riƙa ɗibarsu ana kai su wasu tsibirai: Aride a 1988, Cousine a 1990, Denis a 2004, sai Frégate a 2011. Yau yawansu ya haura 2,500.

Abinci

Ƙwari yake ci, yana tsintarsu a ƙarƙashin ganye.

Haihuwa da reno

Nan ne tsuntsun ya yi suna a wurin masana. Macen yawanci ƙwai ɗaya tak take sakawa, kuma ana ciyar da ɗan tsakon har kusan wata uku, abin da ba a cika gani ba a tsuntsaye masu wannan girma. Idan wuri ya yi ƙaranci, 'ya'yan da suka girma, galibi mata, kan zauna a yankin iyayensu suna taya su kwanci da ciyar da ƙanne. Har kakanni mata an gani suna renon jikoki.

Binciken da Jan Komdeur, masani ɗan ƙasar Holan, ya wallafa a 1997 ya nuna cewa iyayen da ke yanki mai yalwar ƙwari, kuma ba su da masu taya su, sun fi haihuwar mata, waɗanda za su zauna su taimaka. Na yankin da abinci ya yi ƙaranci kuwa maza suka fi haifa, don su ne ke barin gida. Gwajin jini ya kuma gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan tsakin ba namijin da ke gadin sheƙar ba ne ubansu.